Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsofaffin Sulalla da Sikana

A gidaje da yawa akwai wani gwangwani da ba a cika buɗewa ba, ko wani ƙullin tsumma a ƙasan adakar tsohuwa, wanda in ka girgiza shi za ka ji ƙarar ƙarfe. A ciki za ka tarar da kuɗin da suka daina sayen ko ƙwayar ashana: anini, ɗari, kobo mai huji, taro, sisi, sule, wani lokaci har da fataka. Naira da kobon da muka sani sun shigo ne ranar 1 ga Janairun 1973, saboda haka duk abin da ke cikin irin wannan gwangwani mai sunan sule ko sisi ya haura shekara hamsin. Wanda ya fara sha'awar tara su, ko yake son ya tambayi masani darajar abin da ya gada, buƙatarsa ta farko ita ce hoto mai kyau, wanda za a iya karanta shekara da rubutun jikin kwandalar ba tare da an yi ta ƙanƙance ido ba.

Yawancinmu waya muke ɗagawa. Wayar kuwa tana da halinta: hannu ya yi rawa, inuwar wayar ta faɗa kan kwandalar, in an kunna fitila ƙarfen ya mayar da hasken ya zama farin tabo a tsakiya, in an ɗan karkace kuma kwandalar da take da'ira ta fito kamar ƙwai. Sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi, irin wadda ake kwafar takardun makaranta da ita, ta kauce wa yawancin wannan. Tazarar da ke tsakanin idonta da abin da take kallo ba ta canzawa, haskenta nata ne, kuma tana ɗaukar abu da ainihin girmansa. Sai dai don takarda aka ƙera ta, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta ƙyalli. Kwandala tana da tudu da kwari, tana da ƙyalli. Duk wata dabara da za ta biyo baya daga waɗannan bambance-bambance biyu ta taso.

Kafin komai, ka san irin sikanar da ke gabanka. A ƙarƙashin gilashin akwai wata sanda da ke tafiya daga wannan kai zuwa wancan, ɗauke da fitila da ido, tana karanta abin da aka kifa layi bayan layi. Idon iri biyu ne. Akwai wanda ake kira CIS, wanda yake manne dab da gilashin. Shi ake samu a siraran sikanoni da ke aiki da wayar USB kaɗai, irin jerin Canon LiDE, da kuma mafi yawan na'urorin nan masu haɗe da firinta. Wannan ido ba ya gani sosai sai abin da ya taɓa gilashin. Abu ya ɗaga ko da kaurin kati biyu ne, sai ya fara dishi-dishi. Ɗaya kuma shi ne CCD, wanda ke karɓar hoton ta madubai da gilashin ido kamar kyamara, ana samunsa a sikanoni masu kauri da nauyi irin Epson Perfection V600. Shi yana iya hango abin da ya ɗan yi nisa da gilashin da milimita kaɗan.

Abin da ya sa wannan ya dame mu shi ne, kusan kowace kwandala tana da ɗan baki mai tudu a kewaye, wanda aka yi don ya kare zanen daga gogewa. In ka kifa ta, bakin ne ke zaune a gilashi, filin tsakiya a ɗage yake. Na taɓa kai fataka wani shagon buga takardu, aka yi mini sikanin da na'urarsu mai haɗe da firinta. Bakin kwandalar ya fito tas, amma fuskar sarkin ta zama kamar an shafa mata man kaɗanya. Yaron shagon ya yi ta ƙara lambobi yana maimaitawa, hoton na ƙara girma, dishin na nan inda yake. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

In ba ka san wace iri ce taka ba, ga gwaji mai sauƙi. Ɗauko rula, ka ajiye kai ɗaya a kan gilashi, lambobin na kallon ƙasa, ka tokare ɗaya kan da kwalin ashana, ka yi sikanin. In lambobin sun dushe tun daga santimita na farko ko na biyu, CIS ce. In sun ci gaba da karantuwa har zuwa wani nisa, CCD ce. Mai CIS kada ya karaya: kobo mai huji da anini zanensu ba shi da tudu sosai, sukan fito yadda za a karanta. Masu kan sarki ko sarauniya ne ke ba ta wahala.

Sai shiri. Abu na farko a nan hani ne: kada ka wanke kwandalar. Na san hannu yana ƙaiƙayi, domin mun saba da dirje tukunya da toka da tsamiya har ta yi wal. Amma duhun da shekaru suka shimfiɗa a jikin tagulla ko azurfa, masu tara sulalla suna ɗaukarsa wani ɓangare na kwandalar, da shi suke gane ba a taɓa ta ba. Lemon tsami, man goge baki, toka, yashi, man goge ƙarfe, duk suna barin ƙananan ƙuje-ƙuje da idonka ba zai gani ba, amma sikana za ta baje su ɗaya bayan ɗaya, kuma darajar kwandalar ta faɗi ke nan har abada. Garin neman gira a rasa ido. In ƙura ce kawai, busa ta da ɗan famfon iska na roba, ko ka share da burushi mai laushi ƙwarai. Ka riƙa kama ta ta gefe, tsakanin babban yatsa da manuni, domin gumin yatsa yana barin shaida a ƙarfe.

Gilashin ne ke buƙatar wanki. Ka goge shi da ƙyallen goge tabarau. In za ka sa ruwan goge gilashi, ka fesa a ƙyallen, kada ka fesa a na'urar, don kada ya zirara ciki. Da hunturu aikin ya fi wuya, ƙura na sauka tun kafin ka ajiye ƙyallen. Rufe taga, kashe fanka, kuma ka sake sharewa bayan kowace kwandala biyu ko uku. Wajen ajiye kwandalar, ka sauke ta a hankali, in za ka gyara mata zama ka ɗaga ta ka sake ajiyewa. Jan ƙarfe a kan gilashi, musamman in ƙwayar yashi ta shiga tsakani, yana barin zane, kuma wannan zanen zai riƙa fitowa a kowace takarda da za ka kwafa nan gaba. Wasu sukan shimfiɗa farar leda mai ƙarfi mai garai-garai don kare gilashin. Tana kariya, amma tana ƙara tazara, wani lokaci kuma ta haifar da wasu zobba masu launin bakan gizo a hoton. Ni na gwammace in yi a hankali in bar ledar.

Yanzu abin da zai zauna a bayan kwandalar. Cikin murfin sikana fari ne, saboda takarda. In ka rufe shi a kan sule, na'urar za ta ga fari ya mamaye ko'ina, ta rage haske, sulen ya fito da duhu, ga kuma wata inuwa a gefe ɗaya. Ɗora baƙin kati ko baƙin ƙyalle marar gashi a kan kwandalar ya fi. Karan-miski yana ba da baƙi mai kyau, sai dai yana zubar da gashi, ka kakkaɓe shi tukuna. Wata hanyar ita ce a bar murfin a buɗe a kashe fitilar ɗaki; hasken sikanar ya tafi sama bai dawo ba, bayan ya fito baƙi ƙirin. Wannan ya dace da farare da masu ruwan rawaya. Jan kobo da ya yi duhu kuwa ɓacewa yake a cikin baƙi, shi toka-toka ko fari ya fi karɓarsa. Ga masu huji, launin bayan ne zai leƙo ta hujin, saboda haka ka tabbata abin da ka ɗora ya kwanta sosai.

Mun zo wurin da aka fi yin sakaci, wato ta ina haske ke zuwa. Fitilar sikana ba daga sama take haska kwandalar kai tsaye ba, daga gefe take zuwa a karkace, kuma a mafi yawan na'urori gefe ɗaya ya fi ƙarfi. Ka tuna yadda sawun ƙafa yake a yashi: da tsakar rana da ƙyar ake ganinsa, amma da hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da rana ta kwanta, kowane sawu yana da inuwarsa. Haka zanen kwandala yake, inuwa ce ke fito da shi. Layin da ya gitta wa hasken yana samun inuwa ya fito ɓaro-ɓaro, wanda ya bi hanyar hasken kuwa sai ya kusan ɓacewa. Ɗauki kobo mai huji na zamanin Turawa, mai tauraro mai tsini shida a bayansa. Layukan tauraron sun nufi fuskoki uku daban-daban, duk yadda ka ajiye shi wasu za su fi wasu fitowa, in ka juya shi kaɗan sai su yi musaya.

Akwai kuma wata yaudarar ido. Mun saba haske daga sama yake zuwa, rana ce ko fitilar ɗaki. In a hoton hasken ya zo daga ƙasa, ƙwaƙwalwa sai ta juya lissafin: kan sarauniya da yake tudu ya koma kamar rami, rubutu ya zama kamar an sassaƙa shi ciki. Maganin duka biyun ɗaya ne. Ka yi wa kwandala guda sikanin sau huɗu, kanta na kallon gaba, dama, baya, hagu, ka juya hotunan su miƙe a kwamfuta, ka jera su. Za ka yi mamakin yadda abu ɗaya ya zama huɗu. Zaɓi wanda hasken ya sauko daga sama ko daga saman gefen da fuskar ke kallo. Da zarar ka gane yadda taka na'urar take, ba sai ka maimaita ba. A tawa, kifa kwandala kanta na kallon ƙasan gilashin ne ke ba da abin da nake so, sai in juya hoton daga baya. Juyi na kwata ko rabi ba ya rage wa hoto komai. Juyi na ɗan karkace kuwa yana sa manhaja ta sake lissafa ɗigogin, hoton ya ɗan yi laushi, shi ya sa ya fi kyau ka daidaita kwandalar tun a kan gilashi.

A manhajar sikanar, ka bar sashen da ke yin komai da kansa, ka shiga sashen da ke ba ka damar zaɓi. Ka gaya mata hoto ne mai launi, ko da kwandalar fara ce, domin launin tsufa yana cikin bayanin da masani ke nema. Yi ɗan leƙen farko, sannan ka ja akwati a kewaye da kwandalar, ka bar ɗan fili kaɗan. Wannan akwati yana da amfani biyu: na'urar za ta auna haske da kwandalar maimakon gilashin gaba ɗaya, kuma fayil ɗin ba zai yi nauyi ba.

Lambar da ake kira dpi tana nufin ɗigo nawa na'urar za ta karanta a tsawon inci ɗaya, inci kuwa milimita 25.4 ne. Kobo mai huji ya kai kimanin milimita 30 a faɗi. A dpi 300, wanda ake yi wa takarda, zai fito da ɗigo 354 kacal daga gefe zuwa gefe, ba abin da za ka gani in ka zuƙo. A 600 zai ba da kusan 709, ya isa a aika wa wani ya duba. A 1200 zai ba da kusan 1417, fayil ɗin bai wuce megabayit shida zuwa bakwai ba, kuma za ka iya buga shi a takarda da faɗin santimita 12 ba tare da ya fashe ba. A nan nake tsayawa ga yawancin sulalla. Ƙanana irin anini da sisi nakan kai su 2400 in na'urar na iyawa. In ka manta ba ka ja akwatin nan ba ka saki 1200 a kan gilashin gaba ɗaya, za ka sami fayil da ya haura megabayit 400, ka zauna jiran kwamfuta kamar mai jiran a kawo wuta. Kuma ka kula da lambobin da ake rubutawa a kwali. Akwai iyakar abin da idon na'urar ke gani da gaske, akwai kuma ƙarin da manhaja ke cikawa da ƙiyasi. Na biyun ƙaton fayil kawai yake ba ka.

Duk wani gyara da manhajar ke yi da kanta, kashe shi: ƙara kaifi, cire ƙura, farfaɗo da launi, gyaran hasken baya. An yi su ne don tsofaffin hotunan biki. A kan ƙarfe, mai cire ƙura yana iya ɗaukar ɗigon rubutu a matsayin datti ya share shi, mai ƙara kaifi kuma ya mayar da ƙaramin ƙujewa kamar saran adda. In akwai wurin daidaita haske da hannu, ka rage shi har sai wuraren da suka fi ƙyalli sun daina zama fari fat, domin abin da ya ƙone ya zama fari ba ya dawowa, amma mai ɗan duhu ana iya ɗaga shi daga baya. Ka adana a TIFF ko PNG. JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adana shi, a bar shi sai kwafin da za a aika.

Akwai sulallan da sikana ba ta yi musu adalci, gara a faɗa. Sabuwar kwandala da ba ta shiga hannu ba tana da wani sheƙi da ke zagayawa in ka juya ta a haske. Sikana tana kashe shi, kwandalar ta fito kamar an yi ta da toka. Mai santsi kamar madubi kuma, hasken da ya zo a karkace yana dukanta ya wuce wani gefen, bai koma idon na'urar ba, filin ya fito baƙi. Gwada da naira ɗaya ko naira biyu da aka fitar a 2007, masu ƙarfe kala biyu, in ka sami waɗanda ba su sha hannu ba, za ka gani. Mai CCD yana iya tokare gefe ɗaya na kwandalar da ɗan ninkakken kati don ta ɗan karkata ta mayar da haske, wani lokaci kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Waɗanda kamfanonin tantancewa irin NGC da PCGS suka rufe cikin kwanson roba sun yi nisa da gilashi, CIS ba ta ganinsu da kyau, kuma ba a fasa kwanson saboda hoto. Irin waɗannan aikin kyamara ne. Inda sikana ta yi fice shi ne tsofaffin da suka sha hannu, suka yi duhu, suka daina ƙyalli, wato dai irin na cikin gwangwaninmu.

In ka gama fuska ɗaya, juya kwandalar ka yi ɗayar ba tare da ka taɓa ko ɗaya daga cikin saitin ba, don fuskokin biyu su zo da girma ɗaya da haske ɗaya. Da manhaja irin GIMP, wadda kyauta ce, sai ka miƙar da su, ka yanke, ka jera su gefe da gefe a hoto guda. Gyaran haske kaɗan ya halatta, ma'auninsa kuwa shi ne ka riƙe kwandalar a bakin taga da rana ka kwatanta da abin da ke allo. Ƙwayar ƙura da ta faɗa a baƙin bayan, share ta. Ƙujewa ko tabo a jikin kwandalar, bar shi; wanda zai saya ko zai tantance da wannan hoton zai yanke hukunci, kuma ranar da kwandalar ta isa hannunsa zai gani. Wajen aikawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura shi a matsayin hoto za a matse shi, ƙananan haruffan da ka sha wahala a kansu su narke.

Ƙananan haruffan nan su ne ribar aikin. A jikin sulallan Afirka ta Yamma na zamanin Ingila, waɗanda hukumar kuɗin da aka kafa a 1912 ta riƙa fitarwa don Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, wasu suna ɗauke da ɗan harafin H, wasu KN, alamar masana'antu biyu na Birmingham da suka buga su, wasu kuma ba su da komai. Shekara ɗaya, zane ɗaya, amma wannan ɗan harafi yana iya raba wadda ta cika kasuwa da wadda ake nema ruwa a jallo. A dpi 1200 yana fitowa sarai. Haka rubutun Larabcin da ke kusa da hujin, wanda ke faɗin darajar kuɗin, da sunan sarkin da ke kewaye. In ka ci karo da mai shekarar 1936, karanta sunan da kyau: akwai anini da ɗari da kobo masu sunan Edward na Takwas, sarkin da ya yi murabus a Disambar wannan shekarar tun ba a naɗa shi ba, wanda a Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba.

Hoton sikana kuma ma'auni ne. Ƙirga ɗigogin faɗin kwandalar, raba da dpi, ninka da 25.4, ka sami faɗinta a milimita. Ɗigo 1417 a dpi 1200 ya ba ka 30. Wannan yana taimakawa wajen babbar kwandalar azurfar nan mai hoton Mariya Tarisa ta Ostiriya, wadda ta ratso Sahara ta yi yawo a kasuwannin Barno da ƙasar Hausa, maƙera suka riƙa narka ta suna yin mundaye. Faɗinta wajen milimita 40 ne, nauyinta giram 28. Kada shekarar 1780 da ke jikinta ta ruɗe ka, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har bayan fiye da ƙarni ɗaya, kuma da ƙananan bambance-bambancen zane masana ke gane wurin bugu da zamaninsa. Tana da rubutu a gefenta ma, kamar yadda wasu sule da fataka suke da kwarmi a tsakiyar gefe don maganin masu jabu. Gefe kam sikana ba ta kai gare shi da kyau. Tsayar da kwandalar tsakanin littattafai biyu a bakin taga ka ɗauka da waya.

Kafin ka ɗaga kwandalar daga gilashi, sa wa fayil ɗin suna da zai yi maka magana bayan shekara biyar: ƙasa, daraja, shekara, harafin masana'anta, gaba ko baya, da lamba. Rubuta lambar a ƙaramar ambulan ta takarda, ka saka kwandalar ita kaɗai a ciki. Kada ka sa ta a leda mai laushi, domin wasu ledojin suna fitar da wani abu da ke barin kore mai danƙo a jikin ƙarfe in sun daɗe a zafi. Sannan ka share gilashin, ka ɗauko ta gaba.